Ƙofar Jakuna ta Marabar Gide

Malam Maharazu ya shekara goma sha tara yana magatakardan dagacin Marabar Gide, wani gari da ke kan hanyar da ta taso daga Faskari ta nufi Sabuwa. Ya yi makarantar midil shekara biyu kafin rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida, kuma da Turancin shekara biyun nan ya riƙe garin. Takardar allurar shanu, takardar irin auduga, sammacin kotu, duk shi ke karantawa a zauren dagaci, ya juya su da Hausa, mutane na gyaɗa kai. Alƙaluma uku yake saƙalawa a aljihun gaba, ɗaya ne kawai ke rubutu. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba ya cin na kowa. Magana ɗaya ce bakinsa bai taɓa iya furtawa ba, wato ban sani ba.

A garin akwai wata tsohuwar doka da ake kira dokar jakuna. Tsofaffi sun ce tun zamanin Turawa wani jami'in mulki yana kan doki a gaban bariki, sai jaki ya yi kuka, dokin ya zabura ya yar da shi cikin taɓo a gaban jama'a. Kafin ya bar garin ya sa aka rubuta cewa kada jaki ya ƙara bin hanyar da ta tashi daga bariki zuwa kasuwa, taku kamar ɗari huɗu. Mai jaki sai ya ratse ta bayan gari, ya gangara rafi, ya haura ta maƙera, sannan ya shigo kasuwa. Baturen ya tafi, barikin ya rushe ya zama makwancin awaki, ƙasa ta sami 'yancin kai, aka yi yaƙi aka gama, amma jakunan Marabar Gide suna nan suna zagaye.

Da rani abin ɓata lokaci ne kawai. Da damina kuwa, in rafin ya kawo, sai mutum ya wuni a bakin ruwa da buhunansa yana jiyo hayaniyar kasuwa tana ci. Lawwali, wani mai jakuna biyar da ke ɗauko dawa da gero daga wajen Tafoki, ya taɓa rasa jaka mai ciki a rafin nan, ruwa ya tafi da ita da kayanta. Tun daga lokacin duk baƙon gwamnatin da ya zo rangadi sai Lawwali ya tare shi da maganar, baƙon ya ce za a duba.

A shekarar 1976, bayan an yanke gero, aka duba. Lokacin kuɗin man fetur ya fara isowa har ƙauye. Samari sun sayi babura, rediyo ya shiga kowane zaure, kuma duk wanda ya san ƙofar wani ofishi a Kaduna ya zama ɗan kwangila. Wata safiya ta Litinin aka kawo wa dagaci takarda daga ɗaya daga cikin ofisoshin nan, mai hatimi da lamba. Layi uku ne kacal.

Dagacin, Alhaji Mamuda, dattijo ne da ba ya son dogon bayani. Ya miƙa wa Malam Maharazu takardar. Maharazu ya gyara tabarau ya bi ta da ido. Ya ga jaki, ya ga doka, ya ga shekarar da aka kafa ta, ya ga inda aka ce daga yau. Duk ya san su. Sai kalma ɗaya a ƙarshen layi, wadda nauyin takardar duka yake kanta: abrogated. Bai taɓa cin karo da ita ba. Ya sake karantawa daga farko ko za ta sauya, ya tarar tana nan.

"Mi ta ce?" in ji dagaci.

"Ranka shi daɗe, maganar dokar jakuna ce."

Dagaci ya ce ya san jakunan, abin da aka ce a yi da su yake tambaya. Maharazu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce kalma ce mai nauyi, irin ta manyan lauyoyi, ba a juya ta da gaggawa.

A zauren ranar akwai Alhaji Rabo, ɗan kwangilar garin, wanda ya gina kwalbatoci uku a hanyar Sabuwa, biyu suna nan tsaye. Ya taɓa yin wata huɗu a Ikko yana jiran siminti a tashar jiragen ruwa, ya dawo da sabuwar Fijo da kuma Turancin da ba a yi masa gardama. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Ya dube ta jim kaɗan, sai ya ɗora babban yatsansa a kan rabin kalmar na farko, ya nuna wa dagaci abin da ya rage, duk da dagacin bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ya ce wannan get ne, irin ƙofar ƙarfen da ke bakin injin gurzar auduga. Sannan ya matsar da yatsan ya rufe get ɗin. Ya ce wannan na gaba kuma, abro, gajeren abrod ne, wato ƙasar waje, kalmar da a Ikko ko mai sayar da ruwa ya san ta.

"Ranka shi daɗe, gwamnati cewa ta yi a sa wa dokar jakuna get na ƙasar waje. An ga ana karya ta, ana so a ƙarfafa ta. Ko ba haka ba, Malam?"

Wani abu a zuciyar Maharazu ya faɗa masa cewa ba a datsa kalma gaɓa-gaɓa kamar rake. Amma ido goma sha biyu na kansa, ga kuma igiya an jefo masa yana cikin rijiya. Ya mayar da tabarau, ya ce shi ma nan ya nufa, Alhaji ya riga shi ne kawai.

Ranar da yamma ya zauna ya rubuta amsa da alƙalaminsa mai rubutu. Ya ce an karɓi takarda mai lamba kaza, ana godiya, ana kuma neman izinin kafa ƙofar ƙarfe ta ƙasar waje a hanyar bariki kamar yadda aka umarta. A ransa yana fatan wani a can ya karanta ya ce ba haka ba ne, a wuce wurin ba tare da kowa ya ji ba. Amma a shekarun nan takardar da ta nemi a sayo abu daga waje ba ta kwana a tebur. Cikin mako uku izini ya dawo da sa hannu, aka ba Alhaji Rabo aikin.

Kafin ƙofar ta iso, dagaci ya ce tunda gwamnati ta sa ido, ba za a jira ƙarfe ba. Ya kira dogarinsa Audi, wanda a da yakan kau da kai in jaki ya ratsa hanyar bariki da sassafe, ya ce masa daga yau ko jelar jaki ta taɓa hanyar a kama shi. Audi mutum ne da ya daɗe yana jiran aikin da zai nuna shi. A makon farko ya kama jakuna tara. A na biyu ya fara kama waɗanda suka tsaya kusa da hanyar suna kallonta, ya ce niyya ce. Aka riƙa ɗaure su a bayan gidan dagaci har sai ƙofa ta zo an san hukuncinsu, suna cin harawar dagaci, suna kuka a tare duk lokacin da ladan ya ɗaga murya. Cikin kamammun akwai uku na Lawwali.

Wata ranar bayan la'asar Lawwali ya zo ƙofar gidan Maharazu ya yi sallama. Ya zauna a gefen tabarma, suka gaisa, ya tambayi iyali da gona. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi dai abin ya ɗaure masa kai ne: shekara shida yana roƙon a sauke masa kaya, sai ga shi an ƙaro masa buhu. Da jaki biyu ba ya iya ciyar da gida, ga kaka ta yi, dillalan hatsi na neman mai ɗauka. Ya roƙi Malam ya ƙara duba takardar, ko akwai wani ɗan layi a ƙasa da ya yi sassauci.

"Mu ba mu da ido, Malam," ya ce yana tashi. "Kai ne idonmu. Abin da ka gani shi muka gani."

Maharazu ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo ya kasa cin tuwon da aka ajiye masa.

Ƙofar ta iso a bayan wata babbar mota a watan da ya biyo. Baƙa ce, mai tsini-tsini a sama, da wani rubutu a jikinta na harshen da ko Alhaji Rabo bai yi da'awar sani ba. Aka gina mata ginshiƙai biyu na siminti a tsakiyar hanyar bariki, aka rataye ta. Hagu da dama fili ne fetal, babu katanga, babu shinge, don takardar ba ta ambaci katanga ba. Masu babura suka riƙa kewaye ginshiƙin su wuce. Manyan motoci kuwa sai su tsaya su yi ta ƙaho har Audi ya zo da mabuɗi a rataye a wuyansa. Aka sa ranar buɗewa, aka aika Kaduna da gayyata, aka amsa cewa wani babban ma'aikaci mai suna Malam Abdulkarim zai zo ya yanke ƙyalle.

Saura kwana biyar Maharazu ya ce zai je Kankara duba 'yar yayansa. Ya ɗauki takardar nan ya ninke a aljihu, ya shiga a-kori-kura tare da 'yan kasuwa da kajinsu, hanya na jijjiga su har haƙori na haɗuwa. 'Yar yayan nasa, Malama Asma'u, malamar firamare ce da ta yi kwalejin horon malamai mata. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya tsaya kai da fata aka bar ta ta yi karatu.

Ta kawo masa fura, suka yi hirar gida. Can ya ce bari ya gwada ta ya ga ko karatun kwaleji ya zauna. Ya rubuta kalmar a bayan hannunsa ya nuna mata. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙamus mai kauri kamar tubali, ta buɗe, ta sa yatsa ta juyo masa. Ƙamus ɗin ya fassara kalmar da wasu kalmomin Turanci biyu, su ma bai san su ba. Ya ce ta faɗa da Hausa, ai jarrabawar ke nan.

"Sokewa ne, Baffa. A soke doka, a kashe ta gaba ɗaya."

Ya tambaya ko tana da wata ma'ana ta biyu, wadda ta shafi ƙofa ko ƙarfe. Ta ce babu. Ta ce kalma ce ta hukuma, ba a amfani da ita a hirar yau da kullum. In mutum ya fasa tafiya ko ya fasa cinikin akuya ba a cewa haka. Doka ake yi wa, ko yarjejeniya tsakanin ƙasashe, ko wani haƙƙi da aka rubuta. Kuma ba kowa ke yi ba, sai wanda yake da ikon kafa dokar tun farko. Wanda ya karya doka ya karya ta ne kawai, tana nan da ranta. Wanda ya yi mata wannan kalmar kuwa ya binne ta. Sannan ta ƙara da cewa kamar abin nan ne da malamai ke karantarwa, nasikhi da mansukhi, inda hukunci ke zuwa ya ɗauke hukuncin da ya gabace shi.

Wannan ya shige shi nan take, don ya karanta babin a gaban mahaifinsa tun yana yaro. Ashe abin da ya sani ne tun da daɗewa, rigar Turawa kawai aka sa masa. Ya zaro takardar ya miƙa mata, ya ba ta labari tun daga yatsan Alhaji Rabo har zuwa mabuɗin Audi. Ta sa mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"To yanzu mi za ka yi, Baffa?"

Ya ce bai sani ba. Ya ji maganar ta fita daga bakinsa, kuma rufin ɗakin bai faɗo ba.

Da ya koma gida ya sami dagaci shi kaɗai ya faɗa masa gaskiya. Alhaji Mamuda ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya lissafo masa: an sayi san da za a yanka, 'yan makaranta sun yi mako biyu suna koyon waƙar maraba, an gayyato dagatai daga wajen Faskari da Sabuwa, makaɗa sun karɓi goro. Ya aika aka kira Alhaji Rabo. Shi kuwa ko gezau bai yi ba. Ya ce kalma ta Turawa ce, su suka san abin da suke nufi da ita, amma ƙofa tasu ce, ga ta a tsaye, kuma gwamnati ta sa hannu. In akwai kuskure, ai wanda ya rubuta amsar shi ya san Turanci. Dagaci ya yanke cewa a bar maganar a zaure har baƙo ya zo ya tafi, bayan nan a riƙa sakin jakunan ɗaya-ɗaya ba tare da surutu ba. Maharazu ya ce to.

Ranar buɗewa gari ya cika. Aka kafa rumfa kusa da ƙofar, aka ɗaura mata ƙyalle kore da fari. Malam Abdulkarim ya iso da hantsi a mota mai tuta, saurayi ne ɗan gaye cikin kwat da lakataye, gumi na bin wuyansa. Bahaushe ne, ya gaisa da dagaci da Hausa tsantsa, amma da aka zo jawabi ya ce zai yi da Turanci saboda al'amarin hukuma ne, magatakarda ya fassara. Wani ne ya rubuta masa jawabin, kuma da alama a mota ma bai duba shi ba, gari na huɗu ke nan da zai yi magana a makon.

Maharazu ya tsaya a gefensa. Baƙon ya yi maganar ci gaba, ya fassara. Ya yi maganar hanyoyi da makarantu da takin zamani, ya fassara, aka tafa. Sannan baƙon ya ɗaga murya, almakashi a hannunsa na dama, ya karanto cewa gwamnati ta ƙudiri aniyar share duk tsofaffin dokokin mulkin mallaka da ke wahalar da talaka, kuma mutanen Marabar Gide shaida ne, tunda dokar jakunansu na cikin na farko da aka yi wa haka. Ya faɗi kalmar ɓaro-ɓaro, ya dakata don a fassara.

Maharazu ya dubi dagaci, dagaci ya dubi ƙasa. Alhaji Rabo ya ɗan girgiza masa kai. A can bayan taro, wajen da babu inuwa, ya hango Lawwali tsaye da sandarsa.

"Baƙo ya ce gwamnati ta soke dokar jakuna," in ji Maharazu. "Tun watanni uku da suka wuce ta soke ta. Takardar da na karanta maku a zaure abin da ta ce ke nan. Ni ne ban san kalmar ba."

Makaɗin da ya ɗaga gula zai buga ya sauke hannu. Mutane suka fara kallon juna, magana na bin taron ƙasa-ƙasa kamar wuta a ciyawa. Sai Lawwali ya ɗaga sandarsa, ya nemi afuwar manya, ya ce shi tambaya ɗaya gare shi: in an soke dokar, wannan ƙofar ta mece ce?

Sai a lokacin Malam Abdulkarim ya juya ya yi wa ƙofar kallon tsaf. Ya tambayi dagaci da Hausa, a hankali, ƙofar mene ne aka kira shi ya buɗe, shi an ce masa aikin raya karkara ne. Aka faɗa masa. Ya ce a ba shi minti goma, ya sa direbansa ya ɗauko fayil daga mota, suka shiga zauren dagaci shi da dagaci da Alhaji Rabo da Maharazu. 'Yan makaranta aka ce su ci gaba da waƙa.

A zaure ya buɗe fayil ɗin ya fara faɗa. Ya ce wannan jahilci ne da ɓarnar dukiyar jama'a, sai an hukunta duk wanda ya amince da aikin. Ya juya shafi ya ga takardar da ta soke dokar, da sa hannunsa. Ya juya wani ya ga takardar da ta ba da izinin ƙofar, ita ma da sa hannunsa. Ya rufe fayil ɗin, ya sassauta lakataye, ya nemi ruwa.

Da ya sha ya ce a yi tunani irin na manya. Dokar ta mutu, ba a tayar da ita. Ƙofar kuma an kafa, ba a tumɓuke abin gwamnati a gaban jama'a. Alhaji Rabo ya kawo shawarar a sake kafa wata sabuwar dokar jakuna ko da ta ranar kasuwa kaɗai ce, don ƙofar ta sami aikin yi, kuma in an yi haka za a buƙaci katanga. Baƙon ya ɗan yi nazari a kai kafin ya ce a'a, jawabinsa ya riga ya fita. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai abin a fili yake: wannan ƙofa ce ta tunawa da soke dokar jakuna. Don haka aka gina ta tun farko. Za a buɗe ta yau a bar ta a buɗe har abada, alamar an buɗe wa talaka hanya, kuma jakunan da ke tsare su za su fara ratsa ta. Dagaci ya ce wallahi shi ma abin da ya fahimta ke nan tun ranar farko. Alhaji Rabo ya ce irin wannan ƙofa a Ikko ana manna mata allon tagulla mai bayani, zai iya samowa.

Suka fito. Malam Abdulkarim ya yi sabon jawabin da Hausa, bai nemi tafinta ba. Aka tafa, makaɗa suka saki kiɗa, ya yanke ƙyalle. Audi ya buɗe ƙofar, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa, sannan ya tafi ya koro jakuna ashirin da uku daga bayan gidan dagaci, sun yi ƙiba da harawar wata uku. Aka jera su a bakin ƙofa, mai ɗaukar hoto ya durƙusa a ɗaya gefen yana jira.

Jakunan suka tsaya. Aka tura, suka kafe ƙafa. Aka yi ta tsaki da sanda, ko ɗaya bai ɗaga kofato ba. Sai wata tsohuwar jaka ta Lawwali ta juya, ta kama hanyar bayan gari wadda ta bi duk tsawon rayuwarta, sauran suka bi ta a layi, suka gangara wajen rafi. Masu su suka bi su a guje. A ƙarshe Audi da wasu ƙarti biyu suka kama wani ɗan jaki da ya makara, suka ɗaga shi cak suka ratsa ƙofar da shi, aka ɗauki hoton. Baƙo ya ci naman sa ya kama hanyar gari na biyar.

Lawwali ya sha wahalar mako biyu kafin ya koya wa jakunansa bin hanyar bariki, yana jan na gaba da igiya. Da suka saba ya riƙa yin sawu biyu a ranar kasuwa maimakon ɗaya. Ya kawo wa Maharazu tiya uku ta sabon gero, Maharazu ya ce ba zai karɓa ba, ai shi ya jawo wa Lawwali asarar wata uku na lokacin kaka. Lawwali ya ajiye a bakin zaure ya tafi. Allon tagulla ya iso bayan sallah babba, an rubuta kalmar a jikinsa da kuskuren baƙi biyu. Maharazu ya gani, amma babu wanda ya tambaye shi.

Dagaci bai kore shi ba, bai kuma ƙara kiransa hira ba. Da damina ta kusa wata takarda ta zo kan rijiyoyin burtsatse, Maharazu ya karanta ya kai wani wuri ya tsaya. Ya ce akwai kalma ɗaya da bai sani ba, a ba shi zuwa jibi ya aika Kankara a duba masa. Alhaji Mamuda ya ce babu komai. Bayan an watse ya shaida wa na kusa da shi cewa tsufa ya kama Malam, Turancinsa ya fara zubewa, shekara goma sha tara bai taɓa cewa haka ba. Kafin wata ya ƙare aka ɗauko wani ƙanin matar Alhaji Rabo mai suna Harisu aka ba shi aikin, aka sallami Maharazu da babbar riga da addu'a.

Ya koma gonarsa ta auduga a hanyar Sabuwa. Mutane suka ci gaba da kawo masa wasiƙun 'ya'yansu da ke aikin soja ko na kamfani a Kaduna, su same shi a ƙarƙashin ɗorawa ya karanta musu, in ya tarar da abin da ya fi ƙarfinsa ya ce su dawo ranar Juma'a. Harisu kuwa ya yi shekara goma sha ɗaya a zauren dagaci, kuma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa kawo takardar da ta ƙunshi kalmar da bai sani ba.